Ƙawarta ta Senegal

Shekarar da aka turo ni koyarwa wani ƙauye a yankin Tarka, aji na biyar aka ba ni. Lakwal ɗin, wato makarantar, ɗakuna uku ne na siminti da rumfunan zana biyu, ni kuwa na samu ɗaki saboda ajina ya fi cika. Yawancin yaran ƴaƴan manoman gero ne na garin, sai ƴan Abzinawa kaɗan, sai wata yarinya Bafillatana guda ɗaya da take zama a bencin baya, jikin taga. Iyayenta suna ruga a dajin arewacin gari. Ita kuma tana zaune wurin goggonta, wadda ta yi aure a cikin gari tun da daɗewa, don ta samu zuwa karatu.

Yarinyar ba ta magana. Tana ganewa sarai, domin rubutunta ya fi na da yawa tsabta, lissafi kuma ba ya kayar da ita. Amma in na kira ta gaban tablo sai muryarta ta maƙale. Hausarta tana da karkata irin ta Fulani, yara suna kwaikwayonta, Faransancin da muke karatu da shi kuma bai zauna mata a baki ba. Na yi faɗa, na hana dariyar, har na taɓa sa wasu durƙuso a rana. Dariya ta ragu, bakinta dai bai buɗe ba.

Bayan girbi darakta, shugaban lakwal ɗin, ya dawo daga wani taro a Belbeji da kwali ɗaure a bayan babur. A ciki akwai tablet, wato irin salular nan mai faɗi kamar allon yaro, da ƙaramar lasifika, da pano na hasken rana da batirinsa. Ya ce wata ƙungiya ce take haɗa makarantun ƙasashe daban-daban su yi zumunci ta intanet, mu kuma an haɗa mu da wata lakwal ta ƙauye a arewacin Senegal. Ajina aka zaɓa. Kowace Laraba za mu gana da aji na biyar na can, yara su ga juna, su yi hira da Faransanci, kowa ya gaya wa ɗan uwansa yadda ake zama a garinsu.

Cikin lakwal babu rezo, wato layin sadarwa, mai ƙarfin ɗaukar hoto. Sai da muka yi ta yawo ni da darakta, salula a sama, kafin muka gano wani tudu bayan rijiyar gari mai itacen aduwa a kansa. Nan ya zama ajinmu na Laraba. Yara su kwaso tabarmi, wani ya ɗauko kujerata, ni in naɗe tablet a zane in rungume. Mukan jingine ta a kan kujerar, a inuwar aduwa, kowa ya matso ya zauna.

Malamin can dogon mutum ne mai furfura a gemu da yawan dariya. Da farko abin ya yi mana nauyi duka. Yaransa sun haddace jimlolinsu, nawa ma sun haddace: sunana wane, shekaruna kaza, ina son ƙwallo. Wani lokaci hoto ya daskare, mai magana baki buɗe, yara su tuntsure da dariya har sai na tsawata. Mata masu ɗebo ruwa sukan tsaya da jarkokinsu su yi kallo. Wani tsoho ya taɓa tambayata ko mutanen cikin allon Musulmi ne. Da na ce masa e, sai ya durƙusa ya yi musu sallama da ƙarfi. Suka amsa masa gaba ɗaya. Ya miƙe yana kaɗa kai, ya tafi yana ba da labari a majalisa.

Wata Laraba muka shirya kowane ɓangare ya nuna dabbobin garinsu. Namu suka fara, wani ya nuna zanen raƙumi, wata ta nuna akuya. Sai wata yarinya ta can, mai zagayayyar fuska da wushirya, ta ɗaga zanen saniya. Ta buɗe baki, sunan saniya da Faransanci ya ɓace mata. Ta waiwaya wajen malaminsu ta ce masa a hankali, "Nagge."

Daga bayan tabarma na ji an ce, "Nagge!" da ƙarfi.

Yarinyar tamu ce. Ni kaina sai da na juya don in tabbata. Ta can ta matso har fuskarta ta cika allon, ta faɗi wata doguwar magana. Tamu ta miƙe, ta tsallake ƙafafun ƴan uwanta, ta durƙusa gaban kujera ta ba ta amsa. Suka yi ta yi. Ajin nan biyu suka yi tsit suna saurare, ni ban ji ko kalma ɗaya ba.

Malamin can ya sa dariya, ya ce mini, "Madam, ba ki gaya mini kina da ƴar uwarmu a ajinki ba." Ashe yawancin mutanen garinsu Fulani ne, shi ma haka. Na san akwai Fulani a Senegal, amma sanin littafi ne, ban taɓa kawo wa raina zai shafi ajina ba. Ya ce Fillancin nasu da nata ba ɗaya ba ne sak, wani abin su gane, wani abin ya wuce su. Hakan ya yi mana amfani, domin duk inda magana ta ƙi haɗuwa sai su cike da Faransanci, ko da guntu-guntu ne.

Daga ranar muka riƙa bar musu ɗan lokaci in an gama darasi. Ta Senegal uwar surutu ce. Ta tambaye ta wa yake yi mata kitso, ƙannenta nawa, me suke ci da safe, ko ta taɓa ganin kogi. Tamu ba ta taɓa gani ba. Mako na gaba sai ga malamin ya tafi da salularsa bakin kogin da ke kusa da su, ya ɗauko mana ruwan yana gudana da kwalekwale a kai. Yarana suka kalla har sau uku.

A aji kuma sai na ga hannunta ya fara ɗaguwa. Muryar ba ta da ƙarfi, amma tana fita. Waɗanda suke kwaikwayonta a da suka koma bin ta suna tambaya, "Me ta ce miki? Me kika ce mata?" Ita kuma ta gaya musu abin da ta ga dama, ta riƙe sauran. Goggonta ta tare ni a hanyar kasuwa ta ce, "Malama, me kuka ba ƴar nan? Tun daren Talata take wanke rigarta, ta hana mu sakat da zancen ƙawarta."

Sai dai daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba a Damargu. Gero bai cika rumbu ba, ciyawa kuma ta ƙare da wuri. Tun sanyi bai gama fita ba shanu suka fara kwanciya, sai an taru an ɗaga su. Magidanta suka fara tafiya neman abinci, wasu Damagaram, wasu Kano, wasu arewa. Bencunan ajina suka soma yin giɓi.

Wata Litinin da hantsi na hango mutum a ƙofar aji, sanda a kafaɗa, sai na fita wajensa. Mahaifinta ne.

"Malama, na zo in ɗauki yarinya."

"Lafiya dai, Malam?"

"Lafiya. Kudu za mu yi. Nan babu abin da dabba za ta sa a baki. Uwarta tana da goyo, babban yarona ya yi gaba da tumaki, ba ni da mai kora mini maruƙa."

Na ce, "Ka yi haƙuri ka bar ta wurin goggonta. Yanzu ne karatun ya fara shigarta."

Ya dubi ƙasa ya ce, "Na ji labari, Malama, Allah ya saka. Amma gidan goggonta ma hatsin ba zai kai su ba, ni nake aiko musu. In ruwa ya sauka zan maido ta da hannuna."

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Na koma aji na ce ta tattara kayanta. Ta tattara ba gardama. Da ta zo wucewa ta gabana sai ta tsaya ta ce, "Madam, Laraba fa?"

Washegari da sassafe za su tashi. Na roƙi uban ya ba ni ita zuwa azahar, ya yarda. Da aka tashi daga aji na kama hannunta muka hau tudu mu biyu. Na kira malamin can, salularsa ba ta shiga ba. Sai na nuna mata yadda ake naɗar murya, na danna mata, na ba ta. Ta juya mini baya ta yi magana mai tsawo da Fillanci. A ƙarshe ta ƙara da Faransanci cewa za ta dawo tare da ruwa. Saƙon ya daɗe yana juyawa bai tafi ba. Ta ƙi matsawa, idonta a kan salular, har alamar ta nuna ya isa. Sannan ta ce, "To, sai na dawo, Madam," ta gangara.

Laraba ta zo, muka hau tudu yadda muka saba. Ƙawar ta ji saƙon tun kafin nan. Duk da haka, da aka gama darasi sai ta matso ta ce, "Madam, ta dawo?" Na ce ba ta dawo ba tukuna, sai damina. Mako na gaba ta sake tambaya, na gaba ma haka. Daga baya ta fara naɗar nata saƙonnin a salular malaminsu yana turo mini, wai in ajiye mata. Na ajiye. Wasu gajeru ne, wasu dogaye, a ɗaya ma waƙa take yi.

Bazara ta yi tsanani a shekarar. Tablet takan yi zafi ta mutu da kanta a tsakiyar magana, har muka maido da ganawar da sassafe. Rijiyar gari ta ja baya, mata suna wuni a bakinta. Yaran da suka rage a aji sukan yi gyangyaɗi tun kafin azahar, na kuma san dalili, don haka na daina yi musu faɗa.

Bazara ta kusa ƙarewa, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, goggon ta yi sallama a gidana wata la'asar. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta ce wani mutum ya zo daga inda suka sauka, can wajen iyakar Najeriya.

"Malama, ƴarki ta tafi."

Na ce, "Ta tafi ina, Goggo?" Na gane, amma bakina ya riga ni.

Ta ce zazzaɓi ne ya kama ta a daji, wuya ya sanƙare. Suka ɗora ta a amalanke za su kai ta asibitin da ya fi kusa, rai ya yi halinsa a hanya. Mutanen wani ƙauye da ba su san su ba suka taimaka aka yi mata sutura, a nan aka binne ta. An kwana biyu da yin abin kafin labari ya iso. Goggon ta faɗi wannan duka ba ta ambaci sunanta ba ko sau ɗaya. Muka zauna. Ni nake kuka, ita take ba ni haƙuri.

Darakta ne ya gaya wa aji washegari, domin ni na kasa. Wani yaro da ya fi kowa kwaikwayonta a da ya kifa kai a benci, bai ɗago ba har aka tashi.

Saura na can. Na hau tudu ni kaɗai na kira malamin. Ya ɗauka da dariyarsa kamar kullum, da ya ji muryata ya tsaya. Na gaya masa. Ya yi salati. Sannan ya ce ƙawar tata wurin kakarta take, zai je gidan da kansa ya gaya wa tsohuwar, ita ta san yadda za ta gaya mata. Ya tambaye ni ko mu ɗage ganawar wannan makon. Na ce a'a, mu yi.

Ranar ba mu yi darasi ba. Ƙawar ta zo, ta zauna a gaba, ta yafa ɗan farin gyale. Malamin ya ce a yi wa mamaciya addu'a. Yaransa suka fara karanta Fatiha, nawa suka ɗauka, amma rezo yana jinkirta sauti, muryoyin suka ƙi daidaita. Mun kai ƙarshe, su suna tsakiya. Muka riƙe hannuwa a sama har suka iso.

Bayan nan ta matso kusa da allon ta ce, "Madam, ta ji saƙonnina?"

Na dubi malamin, ya sunkuyar da kai. Na ce mata, "Ba ta ji ba. Inda suke babu hanyar da zan aika mata. Suna nan a wurina."

Ta gyaɗa kai ta koma ta zauna.

Aka yi hutu, ruwa ya sauka, daminar kuma ta yi albarka. Da aka koma lakwal na hau da ajina zuwa na shida, malamin can ma haka. Tun kafin hutu ya gaya mini kakar yarinyar tana son ta yi wa uwar mamaciya ta'aziyya baki da baki, in da hali. Na gaya wa goggon. Makiyaya sun dawo arewa da ruwa, rugar ta koma wurinta na da. Wata Laraba, bayan na sallami yara, sai ga goggon ta hauro tudu da wata doguwar mace siririya, goyo a baya. Uwar ce.

Ba ta taɓa zama gaban irin wannan abu ba. Ta zauna a gefen tabarma, ta karkata jiki, idonta a ƙasa. A allon ga tsohuwa da farin mayafi da carbi, jikarta a gefenta. Tsohuwar ta fara gaisuwa, uwar tana amsawa ƙasa-ƙasa. Gaisuwar ta yi tsawo, irin wadda ake tambayar mutane da dabbobi da gajiya ɗaya bayan ɗaya. Inda maganar ta ƙi haɗuwa malamin ya sa baki daga can, goggon ta sa baki daga nan.

Goggon takan raɗa mini kaɗan daga ciki. "Ta ce jikarta ta daɗe ba ta cin abincin kirki. Ta ce ƴar nan kullum sunanta yana cikin gidansu, har maƙwabta sun san ta. Ta ce rashin na su duka ne."

Sai malamin ya yi mini magana da Faransanci. Ya ce akwai wata rana da ya ɗauki ganawarmu a salularsa don ya nuna wa daraktansu, yarinyar tamu tana ciki. Ko uwar za ta so ta gani? Na gaya wa goggon, ta gaya mata. Matar ta kwance goyon ta dawo da shi cinya, ta gyara masa hula. Can ta ɗaga kai ta ce e.

Ya turo, muka zauna jiran ya sauka. Da ya buɗe sai ga ta, durƙushe a kan tabarmar da muke zaune a kai, tana dariya, ta ɗaga hannuwa biyu a kanta tana nuna tsawon ƙahon wata saniyar babanta. Tana haɗa Fillanci da Faransanci, tana yin kuskure tana gyarawa. Ba su da hotonta ko ɗaya a ruga. Uwar ta matso, ta miƙa yatsa ta taɓa fuskar, hoton ya tsaya cak. Ta janye hannu da sauri ta dube ni a tsorace. Na ce babu abin da ya lalace, na sake kunna mata. Ta kalla har ƙarshe, ta ce a ƙara. Hawaye bai zubo mata ba. Ta faɗa wa goggon wata magana, goggon ta juyo ta ce mini, "Ta ce ba ta taɓa jin ta yi yaren lakwal ba. Ta ce ba ta san ƴar tana da dariya haka a cikin mutane ba."

Bayan mako guda goggon ta zo gidana da ƙaramin ƙoƙo rufe da faifai. Man shanu ne, sabo. Ta ce uwar ce ta aiko, a kai wa tsohuwar Senegal, domin wanda ya zo maka ta'aziyya daga nesa ba a barinsa ya koma hannu wofi. Na yi mata bayanin nisan wurin, ƙasashe ne tsakani, ba mu da mai zuwa. Ta ce ita ma ta gaya mata haka, amma uwar ta ce a kawo mini, ni na san hanya.

Na gaya wa malamin, ya je ya gaya wa tsohuwar. Amsarta ta zo da muryarta, ya fassara mini. Ta ce ta gode, ta karɓa. A yi wa ƴan ajin yarinyar abinci da shi su ci, sadaka ce. Ranar Juma'a matar darakta ta taya ni muka tuƙa tuwon gero da miyar kuka, muka zuba man a kai. Yara suka zauna a inuwar ɗakin aji suka ci, man bai kai kowa sosai ba, amma kowa ya samu ƙanshinsa. Na ɗauki hotonsu na tura.

Zumuncin bai kai ƙarshen wannan shekarar ba. Batirin ya daina riƙe wuta, ƙungiyar kuma aikinta ya ƙare a yankinmu, ba a aiko da wani ba. Mun ɗan ci gaba da salulata, amma yara da yawa ba sa gani a ƙaramin allo, a hankali abin ya tsaya. Daga baya aka maido ni Tanut, inda nake koyarwa har yanzu. Ni da malamin mukan gaisa da Sallah. Ya gaya mini ƙawar ta ci jarrabawa ta wuce koleji a babban garinsu, kakar kuma ta rasu.

Uwar ban sake ganinta ba. Na taɓa haɗuwa da goggon a kasuwar Belbeji, na tambaye ta. Ta ce suna lafiya, goyon nan har yana bin maruƙa, kuma bana ma sun yi kudu.